Karkaɗau a Ƙirjin Hajiya Tasalla

Da ƙarfe shida daidai na kowace safiya Karkaɗau yake yin aikinsa. Ba ya ƙara, ba ya motsin da ido zai gani. Wani ɗan zobe ne da bai fi bakin kwalba faɗi ba, ana dasa shi a cikin zuciya a madadin ƙyauren da ya lalace, wato 'yar ƙofar nan da ke buɗewa jini ya wuce, ta kuma rufe don kada ya dawo, wadda likitoci ke kira bawul. Da shida ta cika, sai zoben ya kama rawar jiki, sau dubu arba'in a daƙiƙa guda, har tsawon daƙiƙa tara. Duk ƙwayar cutar da ta kwana a jikinsa tana shirin kafa gida, sai ta karkaɗe, jini ya yi gaba da ita. Mai zuciyar ba ya jin komai sai ɗan ƙaiƙayi a ƙirji.

Daga nan sai laya ta karɓa. Ita ma na'ura ce, ana ratayawa a wuya ta kwanta a kan fata, tana auna zafin jiki, tana kuma karɓar rahoto daga zoben. Masana sun ba ta wani dogon suna, amma mutanen gari suka dube ta suka ce laya ce, kuma laya ta zauna. Takan yi sallama da muryar namiji mai taushi, ta ce, "Barka da asuba. Ƙyauren zuciya yana nan tsaf. Akwai inda ke ciwo?" Idan minti ɗaya ya wuce ba a ce komai ba, sai ta rubuta cewa babu ƙorafi.

A shekarar 2094 mutum dubu shida da ɗari biyu ne ke yawo da Karkaɗau a Birnin Inuwa da ƙauyukansa. Birni ne da aka yi wa rufin faifan sola tun daga ƙofar gabas har ta yamma saboda zafin rana, motocin haya kuwa a jikin igiyar ƙarfe suke tafiya a saman kawunan mutane. Amma duk wannan ci gaba bai hana ciwon maƙogwaro na yarinta ya bi jini ya ci ƙyauren zuciyar mutum ba, kamar yadda yake yi tun zamanin kakanni. Su kuma ƙyauren roba da na ƙarfe da ake dasawa a da, babbar matsalarsu ita ce ƙwayoyin cuta na son su. Su taru su yi dandazo a jiki kamar gansakuka a gindin randa, har sai an sake tsaga ƙirji. Injiniya Zayyanu Haliru ne ya zo da ƙyauren da ke share kansa da kansa, kuma tun daga ranar ba a sake yin taro a garin ba tare da an ajiye masa kujerar gaba ba.

Kowace safiya, kafin ya sha shayi, Zayyanu yakan buɗe allonsa ya duba lamba ɗaya tak daga cikin dubu shidan nan. Lambar mahaifiyarsa ce, Hajiya Tasalla. Kullum kore yake gani: ƙyaure tsaf, zafin jiki daidai, babu ƙorafi. Sai ya kunna sautin ya saurari minti ɗayan nan na shiru, yana jin carbinta na ƙwas-ƙwas a nesa.

A nan sai an faɗi abin da shi bai taɓa faɗa wa kowa ba. Zayyanu ɗan fari ne, Hajiya Tasalla kuwa mutuniyar da ce ta gaske. Shekararsa arba'in da huɗu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa. Idan ya shigo ɗaki, sai ta tuna tana da aiki a tsakar gida. Ƙanwarta, Inna Lantana, ita ta yaye shi ta goya shi, kuma har yau ta bakinta saƙo ke bi tsakanin uwa da ɗa, ko da suna zaune a tabarma ɗaya. Ya san al'ada ce, ya san ba ƙi ba ne, yana ma iya yi wa baƙi bayaninta da Turanci mai daɗi. Amma da aka zo zaɓen muryar da za a sa wa laya, sai ya ce wa kwamiti tasa ta fi fita a na'ura. Gaskiyar ita ce so yake, ko sau ɗaya ne, ya tambayi uwarsa inda ke mata ciwo ta ba shi amsa. Shekara uku ke nan da dasa mata zoben, bai samu ko tari ba.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko masallaci, ya hau motar igiya zuwa Unguwar Masaƙa kamar yadda ya saba. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta ya yi gaisuwa, yana jiran Inna Lantana ta amsa a madadinta. Hajiya na jingine da bango. Ya lura ta rame, amma da yake da safe ya ga kore, sai ya ce a ransa azumin nafila ne.

Sai ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido.

"Zayyanu," ta ce, "zo ka riƙe min kan nan, zai fashe."

Abin da zai bi shi har kabari shi ne, abu na farko da ya ji daɗi ne. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, har ya fara murmushi. Ƙarar kwanon da ya suɓuce daga hannun Inna Lantana ce ta dawo da shi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya, sunan wa kika kira? Zayyanu, tashi, wallahi ba lafiya ba. Yaya ba ta cikin hayyacinta!"

Ya rarrafa ya isa gare ta. Goshinta zafi kamar murfin tukunya. Gefen bakinta na hagu ya fara sauka, hannun hagun kuma ya zame daga cinyarta ya faɗi a tabarma. A nan ne ya ga layar. Tana rataye a wuyanta, amma a kan riga, rigar ma a kan wata rigar.

"Inna, me ya sa layar take waje? Ai a kan fata ake sa ta!"

"Kai ma dai," in ji Inna Lantana tana kuka, "muryarka ce fa a ciki. Ta ce ita ba za ta kwantar da muryar ɗan fari a ƙirjinta ba tsirara. Tun ranar farko a kan riga take sa ta."

"Zazzaɓin nan tun yaushe?"

"Sati shida. Haƙori ne ya fara yi mata ciwo, tana cusa kanumfari. Sai zazzaɓi, sai gumi, sai ciwon kai. Sau uku ina kai ta injin magani na bakin kasuwa. Ya duba ya ce zuciya tsaf, ya ba mu maganin maleriya. Na ce bari in gaya maka, ta ce in na kuskura ba ni ba ita. Wai kada a ce abin wancan ne ya kawo mata ciwo, mutane su yi da shi."

Shekara uku ke nan, ashe, yana auna zafin atamfa.

A Asibitin Zuciya na birnin, Dakta Shafa'atu Ɗanbaba ce ta karɓe su. Doguwar mace ce marar yawan fara'a, likitar jijiyoyin kwanya, kuma Zayyanu ya fi son ya gamu da kowa a ranar ban da ita. Bayan an fito da Hajiya daga na'urar haska kwanya, sai ta kira shi ɗakin hoto. Kwanyar mahaifiyarsa na tsaye a iska a tsakiyar ɗakin, jijiyoyin jini sun yi rassa kamar bishiyar da ta zubar da ganye. A can ƙarshen rassan akwai ƙulli huɗu, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba, ɗaya kuma ya yi duhu a kewayensa.

"Ƙwayoyin cuta sun shiga jininta daga haƙori," in ji Dakta Shafa'atu. "Suka sauka a ƙyauren zuciya, kamar yadda suka saba. A da, da sun taru mun ji su, mun gan su a hoto, mu fara allura ta sati shida. Yanzu kullum da safe ana karkaɗe su da ransu. Jini na ɗaukarsu ya haura da su kai. Inda jijiya ta rabu biyu ta ƙanƙance, nan suke maƙalewa, su ci bangon jijiyar daga ciki. Bangon ya yi laushi, jini na bugunsa, sai ya kumbura kamar tsohon tiyo. Ga huɗu nan. Wannan mai duhun ya fara yoyo."

"Amma ɓarɓashin ya fi gari laushi," ya ce, murya can ƙasa. "Sojojin jini za su cinye shi. Mun gwada a tumaki."

"Wata shida kuka gwada, Injiniya, a tumaki masu lafiyayyun haƙora."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Shekara huɗu da suka wuce, a taron da aka amince da Karkaɗau, ita kaɗai ce ta ɗaga hannu. Ta ce ta ji ana cewa ƙyauren na share kansa, to ina yake kai sharar? Shi kuwa, da yake ranar bakinsa na zuba, ya ce Dakta ta kwantar da hankalinta, ba a ƙofar gidanta za a zuba ba. Zauren ya kwashe da dariya, har da masu tafi.

Ta taɓa allon, wasu hotunan suka fito a jere.

"Mutum goma sha ɗaya kafin yau. Duk masu Karkaɗau, duk an yi ta ba su maganin maleriya da taifot saboda laya ta ce zuciya tsaf. Bakwai sun rasu. Sau goma sha ɗaya ina rubuta wa cibiyarku."

Ya san wasiƙun. Ya san amsar da aka mayar, domin shi ya tsara ta da hannunsa: an binciki ƙyauren, an same shi tsaf, saboda haka matsalar ba daga gare shi take ba. Kowace kalma a ciki gaskiya ce, kuma ya sa hannu sau goma sha ɗaya ba tare da ya buɗe hoto ko ɗaya ba.

"Gobe zan bi ta jijiyar cinya in haura in toshe mai yoyon da gam," ta ce. "Sauran ukun allura za mu sa musu, mu yi ta dubawa. Amma aikin banza zan yi idan gobe da shida za a sake turo mata wasu. A tsayar da abin nan. Kai kaɗai ke da mabuɗin."

Ya fita baranda ya buɗe allonsa. Tsarin da shi ya gina yana da ƙofa biyu. Ta farko ita ce tsayarwar gwaji: injiniya na iya tsayar da zobe ɗaya, ɗaya tak, ba tare da ya yi wa kowa bayani ba. Ta biyu ita ce tsayarwar haɗari: a rubuta dalili, duk zobba dubu shida da ɗari biyu su tsaya a lokaci guda, rahoto kuma ya tafi kai tsaye ga hukumar lafiya da gidajen labarai. Da can ya yi alfahari da wannan ƙofa ta biyu, yana cewa ko shi kansa ba zai iya ɓoye laifi ba.

Ya daɗe yana kallon ƙofofin nan. Ya tuna makarantar da aka sa wa sunansa, da ma'aikata ɗari uku na cibiyarsa, da yadda limamin unguwarsu ke ambatonsa a huɗuba. Ya ce wa kansa tsayar da duka a rana ɗaya zai jawo firgici, mutane su tattake juna a ƙofar asibiti. Ya ce abu ne da ya kamata kwamiti ya zauna a kai ranar Litinin. Hujjojin ba su da laifi, kuma ya san ba don su ba ne. Ya danna gwaji, ya sa lambar mahaifiyarsa.

"Na tsayar," ya ce wa Dakta Shafa'atu.

"Duka?"

"Nata tukuna. Sauran sai kwamiti ya zauna Litinin."

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Gadon da ke kusa da na Hajiya akwai wata yarinya, Jummala, shekararta ashirin da shida, tela ce. Yau da safe aka kawo ta, ƙulli biyu gare ta. Ita ma ka tsayar da nata."

"Gwaji ɗaya tsarin ke bari, Dakta. Litinin ba nisa."

"Daga nan zuwa Litinin shida na safe uku ce," ta ce, ta juya ta tafi. Ya ji tana waya da hukumar lafiya a ƙarshen baranda, ya kuma ji an ce mata ta turo a rubuce.

Ranar Asabar aka yi wa Hajiya aiki, aka toshe mai yoyon. Zayyanu ya wuni a asibiti kamar kurma. Bai gaisa da kowa ba, ko ruwa zai saya sai dai ya nuna da yatsa, domin rabin masu jinya a ɓangaren sun san muryar nan fiye da ta maƙwabtansu. Mijin Jummala, wani siririn mutum mai suna Malam Sabi'u, mai gyaran jiragen kai saƙo ne, har yanzu da baƙin mai a faratansa. Ya matsa wa Zayyanu a benci, ya miƙo masa dabino, ya ce Allah Ya ba Hajiya lafiya. Zayyanu ya karɓa ya gyaɗa kai kawai. Mutumin ya ɗauka tashin hankali ne ya hana shi magana, har ya dafa kafaɗarsa.

Ranar Lahadi Zayyanu ya iso da sassafe. Hajiya ta farfaɗo. Hannun hagu bai dawo ba, amma hankali ya dawo, kuma shaidar ita ce da ta gan shi sai ta ja mayafi da hannun dama ta juya fuska bango. Inna Lantana ta yi hamdala har da 'yar dariya. Ya durƙusa a gefen gadon ya yi gaisuwa a hankali yadda ba za a ji a bayan labule ba.

Shida ta cika. Layar Hajiya, wadda ke ajiye a kan durowa, ba ta ce komai ba. Amma daga bayan labulen da ya raba gadajen biyu sai muryarsa ta tashi, mai taushi, mai ladabi.

"Barka da asuba. Ƙyauren zuciya yana nan tsaf. Akwai inda ke ciwo?"

Jummala ba ta iya magana tun daren Juma'a. Aka yi shiru na minti guda cur, ana jin numfashinta kawai. Zayyanu ya san abin da layar ke rubutawa a wannan lokacin, ya kuma san abin da zoben ya gama yi daƙiƙa tara kafin nan.

Hajiya Tasalla ba ta juyo ba. Maganarta na fita da nauyi saboda bakin, amma kowace kalma ta fito.

"Lantana."

"Na'am, Yaya."

"Ki tambayar min wancan. Na ji tawa ta yi shiru tun jiya. Ta yarinyar nan me ya sa ba ta yi ba?"

Inna Lantana ta dube shi. Ita ba ta san komai game da ƙofa biyu ba, tsakani da Allah take jiran amsar da za ta mayar.

"Ki ce mata... kwamiti ne zai zauna," ya ce.

"Yaya, wai kwamiti ne zai zauna."

"To," in ji Hajiya. "A kaina ma ya zauna?"

Zayyanu ya ji kunyar da bai taɓa sanin akwai irinta ba, irin wadda mutum ke jin kayan jikinsa sun yi masa nauyi. Matar nan ta yi sati shida tana cin wuta a jikinta don kada a yi da shi, shi kuma ga abin da ya yi da sunan da ta tsare masa. Ya miƙe, bai ma fita baranda ba. A tsaye a gaban gadonta ya buɗe allon, ya danna tsayarwar haɗari. Wurin dalili ya rubuta cewa Karkaɗau na watsa ƙwayoyin cuta masu rai zuwa kwanya, cewa an sanar da shi sau goma sha ɗaya, cewa tun Juma'a ya tabbatar, ya tsayar da na mahaifiyarsa kaɗai. Ya tsaya a kan jimlar ƙarshen nan, yatsansa na kan gogewa, sannan ya bar ta ya tura. Ƙarfe shida da minti goma sha huɗu ne.

Kafin azahar layi ya fito daga ƙofar asibiti ya zagaye kasuwa. Ba a tattake kowa ba. Mutane suka zo da tabarmi da butoci suka zauna, kowa da layarsa a hannu, suna jiran a haska musu kai. A sati na farko an duba mutum ɗari tara, aka samu ƙulli a kawunan mutum sittin da uku. Zobban da aka tsayar kuwa sun koma ƙyaure irin na da, masu tara gansakuka, ga shi an rufe masana'antar tsofaffin ƙyauren shekara biyu da suka wuce, tunda kowa ya ce an wuce zamaninsu. Sai da aka nemo tsofaffin ma'aikatan daga gidajensu. An cire allon sunansa daga makarantar nan ba tare da biki ba, hukuma kuma ta sa ranar da za ta saurare shi.

Jummala ba ta ga wannan duka ba. Da la'asar ɗin ranar Lahadin ɗaya daga cikin ƙullinta ya fashe, kafin a kai ta ɗakin tiyata rai ya yi halinsa.

Zayyanu ya tare Dakta Shafa'atu a bakin ɗakin, tana cire safar hannu.

"Dakta, don Allah ki gaya min. Da na tsayar ranar Juma'a, da ta rayu?"

"Ban sani ba," ta ce. "Wataƙila ƙullin ya riga ya nuna tun kafin a kawo ta. Wataƙila kuma na Asabar da na yau ne suka ƙarasa shi. Babu na'urar da za ta raba maka wannan, Injiniya. Ni ban sani ba, kai ma ba za ka taɓa sani ba."

Ranar sadakar uku, Inna Lantana ta same shi a baranda ta ce Yaya ta ce a tambayi wancan ko ya je gaisuwa. Bai je ba. Ya sa hula ya tafi.

Gidan su Jummala na can ƙasan birni, inda rufin sola ya ƙare rana ke sauka kai tsaye. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun kai talatin, fukafukan jiragen da ake gyara an jingine su a bango don a samu wuri. Ya cire takalmi ya durƙusa a gaban Malam Sabi'u. Mutumin ya gane abokin bencinsa na asibiti, ya miƙo hannu biyu.

"Allah Ya jiƙan ta," in ji Zayyanu. "Allah Ya sa ta huta."

Hannun Malam Sabi'u ya tsaya a cikin nasa. Kowa a tabarmar ya gane muryar laya, wani tsoho ya ajiye carbinsa. Wani matashi ya yunƙura zai tashi, na kusa da shi ya riƙe masa riga.

"Kai ne," in ji Malam Sabi'u.

"Ni ne."

"Na ji an karanta abin da ka rubuta. Na ce sai na ji daga bakin mai shi." Bai ɗaga murya ba, bai kuma saki hannun ba. "Ta mahaifiyarka yaushe ka kashe?"

"Juma'a."

"Tamu fa?"

"Lahadi."

"Ranar Asabar da muka zauna a benci ɗaya, ka sani?"

"Na sani."

Malam Sabi'u ya saki hannunsa. Ya dubi yatsunsa masu baƙin mai, ya lanƙwasa ɗaya, ya lanƙwasa na biyu, ya daɗe yana kallonsu. Zayyanu ya jira zagi, ya jira mari, yana ma roƙon Allah a yi masa ɗaya daga ciki.

"Ni ma ƙarfe nake gyarawa," in ji Malam Sabi'u. "Idan na ga fiffike ya tsage, duka jiragen nake saukar da su, ba na maƙwabcina kaɗai ko nawa ba. Ban yi karatu ba, amma haka aka koya min." Ya share ido da bakin riga. "Yaya jikin Hajiya?"

"Da sauƙi."

"Allah Ya ƙara sauƙi. Ita ce ta riƙa yi wa Jummala addu'a ta bayan labule. Ka gaishe ta."

Wasu masu gaisuwa suka iso, suna tsaye suna jiran wuri. Malam Sabi'u ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, sannan ya dubi bayan Zayyanu ya ce, "Bismillah, ku matso." Zayyanu ya ja da baya ya ba su wuri. Babu wanda ya kore shi, babu kuma wanda ya matsa masa a tabarma.